Aiki Ya Tsaya, Hukuma Ta Faɗi: Landan, 1855–1889

A tsakiyar shekarar 1858, lokacin da zafi ya tsananta, kogin Tems ya yi wani irin ɗoyi da ya hana 'yan majalisar dokokin Birtaniya sakat a zaurensu da ke bakin ruwa. Ƙazantar mutane fiye da miliyan biyu ce ke malala cikin kogin. Shekaru kaɗan kafin nan, tsakanin 1853 da 1854, annobar kwalara ta hallaka mutum sama da 10,000 a Landan. Abin da mutuwar talakawa ba ta sa an yi ba, wari ya sa an yi shi cikin 'yan makonni.

Dama akwai hukumar da aka ɗora wa alhakin gyara. A 1855 aka kafa Hukumar Ayyukan Birnin Landan domin ta kula da magudanai da manyan tituna. Jama'a ba su zaɓi mambobinta da hannunsu ba. Ƙananan majalisun unguwanni ne ke turo wakilai. A watan Agusta na 1858 majalisar dokoki ta ba ta izinin cin bashin fam miliyan 3, wanda za a biya da harajin gidaje cikin shekara 40, ta kuma ɗauke mata wajabcin neman amincewar gwamnati a kan tsarin aikin. Ta haka hukumar ta sami kuɗi da 'yanci a lokaci guda. Gwamnati ta sakar mata mara, mai biyan haraji kuwa ba shi da ƙuri'ar da zai kore ta da ita.

Adalci ne a faɗi abin da ta yi da kuɗin. Babban injiniyanta, Joseph Bazalgette, ya gina manyan magudanai na kimanin mil 82 a ƙarƙashin ƙasa, masu tare ƙazanta kafin ta faɗa kogi su kai ta can gabashin birni. A 1865 aka buɗe tashar tura ruwa ta Crossness. Da kwalara ta dawo a 1866, ta fi yin ɓarna a gabashin Landan, inda ba a gama haɗa sababbin magudanai ba. Daga nan ba ta sake yi wa birnin irin wannan ta'adi ba. A 1870 aka buɗe gaɓar Victoria, inda aka haɗa abu uku a wuri guda: titi a sama, magudana da hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashi. Tsakanin 1878 da 1880 hukumar ta sayi gadojin da ake biyan kuɗi kafin a haye su, ta mai da su kyauta.

To ina bango ya tsage har ƙadangare ya sami wurin shiga? A gefen aiki ne, inda ido bai cika kaiwa ba. Duk lokacin da za a fasa sabon titi, kamar Shaftesbury Avenue da aka buɗe a 1886, sai hukumar ta sayi gidaje ta rushe, filayen da suka rage a bakin titi kuma ta sayar ko ta ba da haya. Darajar irin waɗannan filaye takan ninka da zarar titi ya kammala, kuma ma'aikatan hukumar ne suka fi kowa sanin wanne zai yi tsada. Yawancin irin wannan shawara a kwamiti ake yanke ta, ƙofa a rufe. A 1886 jaridar Financial News ta fara tono yadda aka ba da filin gidan wasa na London Pavilion. A 1888 kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Herschell ya tabbatar cewa wasu manyan ma'aikata sun karɓi toshiyar baki, wasu mambobi kuma sun ci riba da muƙaminsu.

Kwamitin bai sami yawancin mambobin da cin hanci ba, kuma wannan ne ya fi zama abin lura. Mutanen kirki ne da yawansu, amma sun yi shekaru suna sa hannu a kan abin da ba su bincika ba, domin babu ranar da za su tsaya gaban masu biyan haraji su yi bayani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dokar ƙananan hukumomi ta 1888 ta kafa Majalisar Gundumar Landan, wadda masu ƙuri'a ke zaɓa kai tsaye, aka yi zaɓenta a Janairun 1889. An tsara ta karɓi ragama ranar 1 ga Afrilu. Amma tsohuwar hukuma, tana dab da barin gado, ta nemi ba da kwangilar haƙa hanyar Blackwall ta ƙarƙashin kogi, duk da sabuwar majalisa ta roƙe ta ta dakata. Majalisar ta kai ƙara wurin gwamnati, aka janyo ranar baya, aka rushe hukumar ranar 21 ga Maris. Zaɓaɓɓiyar majalisa ce ta gina hanyar da nata tsarin, aka buɗe ta a 1897.

Har yau magudanan Bazalgette suna aiki a ƙarƙashin Landan. Nagartar ginin ba ta ceci hukumar da ta yi shi ba, domin mutanen birnin sun gane cewa ganin titi da gada bai isa hujjar an riƙe amana ba. Sun nemi su san nawa aka kashe, wa ya sami ragowar fili, kuma wa za su kora idan lissafi bai fita ba.