Shari'ar Tsofo Gubba da ma'aunin hukuncin kisa a Arewa

A shekarar 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar wani mutum mai suna Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa. Ba a yi jayayya ba a kan cewa ya kashe mutum. Abin da aka yi ta muhawara a kai shi ne ma'aunin da za a auna hukuncinsa da shi.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Arewa ke bi, wanda ya yi kisan ganganci kisasi ya hau kansa, sai fa in waliyyan mamaci sun yafe ko sun karɓi diyya. Fushin da tsokana ta haifar ba ya sauke kisasi. Amma a kundin laifuffuka na Turawan mulki, tsokana mai tsanani tana mayar da laifin kisan da bai kai a kashe mai shi ba. Kotun ta ga an tsokani Gubba, ta kuma ce laifin da ke cikin kundin, da kundin za a hukunta shi. Sai ta soke hukuncin.

Wannan ya girgiza sarakuna da alƙalai, domin ya zama abin kafa hujja a kan duk shari'ar kisa da za ta biyo baya. Gwamnati ta gyara doka a 1948, ta mayar wa kotunan gargajiya ikonsu, sannan a 1951 ta gindaya sharaɗi: kada hukuncinsu ya wuce iyakar da kundin ya tanada wa irin laifin. Da wannan sharaɗi Kotun Ƙoli ta Tarayya ta yi aiki a shari'ar Maizabo da Hukumar En'e ta Sakkwato a 1957, inda ta ƙi amincewa da kisa a laifin da aka aikata bisa tsokana.

Ruɗanin bai kau ba sai da gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ta haifar da kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 222 na kundin ya ɗauke hukuncin kisa daga wanda aka yi wa tsokana mai tsanani ba zato, wato matsayin da kotun ɗaukaka ƙara ta tsaya a kai tun 1947.