Gangar Katako da Jar Giyar Inabi: Yadda Tsufa Ya Zama Daraja a Bordo

Ɗalibin da ya karanta adabin Faransanci a Yamai ko Garwa ko Njamena ba zai rasa cin karo da sunan Bordo ba, da mutanen da ke zaune a teburi suna gardama a kan shekarun wata kwalba. Mu da yawancinmu addini ya haramta mana giya, irin wannan hira takan zame mana duhu. Sai dai sanin tarihin abu bai wajabta shan sa ba. Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: yaya aka yi abin sha da a da ake gudun tsufansa ya koma abin da ake saye da tsada saboda ya tsufa?

Mu fara da mazubi. Girkawa da Rumawa a tulunan yumɓu masu hannu biyu suke zuba giyar inabi, su shafe cikinsu da ƙaro don kada su yi yoyo. Tulu yana da nauyi, ga saurin fashewa. Marubucin Rum, Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambata cewa mutanen yankin tsaunukan Alps a mazuban katako masu ɗauri suke ajiye tasu. Ganga ta fi tulu sauƙi, mutum ɗaya yana iya gangara ta, kuma ko ta faɗi ba ta tarwatsewa. Zuwa ƙarni na 3 ta ture tulu a yammacin daular. An zaɓi itacen oak ne domin yana da yawa a dazuzzukan Turai, yana lanƙwasuwa idan ya ji wuta, kuma ba ya tsiyaya. A wancan zamani ganga kayan sufuri ce kawai, babu mai zancen ɗanɗanonta.

Birnin Bordo yana bakin kogin Garon a kudu maso yammacin Faransa, kusa da tekun Atlantika. A 1152 Eleanor, magajiyar ƙasar Akiten, ta auri Henry wanda ya hau gadon sarautar Ingila bayan shekara biyu. Da wannan aure Bordo ta shiga hannun sarakunan Ingila, ta zauna a ciki har 1453. Kasuwa ta buɗe sosai. A kakar 1308 zuwa 1309, abin da aka fitar ta tashar birnin ya haura manyan ganguna 100,000, kowace tana cin lita 900 ko kusa da haka. Da irin wannan ganga ake auna girman jirgin ruwa, kuma daga sunanta kalmar tan ta samo asali.

Amma giyar wancan lokaci ba ta da kauri, launinta ja ne mai haske, kuma ba ta jimirin ajiya. Jirage kan yi rige-rigen isa Landan da sabuwa kafin Kirsimeti, domin kafin shekara ta zagayo ta yi tsami, ta kama hanyar zama ruwan khal. Da zarar sabuwa ta sauka, farashin ta bara sai ya faɗi. Ke nan a ƙarni na 14 tsohuwar giya asara ce ga ɗan kasuwa.

Abubuwa uku ne suka juya al'amarin a ƙarni na 17. Na farko, fatake 'yan ƙasar Holan sun yaɗa dabarar ƙona farar wuta a cikin ganga kafin a zuba giya, hayaƙin yana kashe abin da ke lalata ta. Su ne kuma suka janye ruwan fadamun Medok, inda manyan gonakin inabi suke a yau. Na biyu, maƙeran gilashi a Ingila sun koma hura wuta da kwal, suka sami kwalba mai kauri, sannan aka riƙa toshe bakinta da ɓawon wani nau'in oak da ke fitowa a Fotugal da Sifaniya. Na uku, wani attajirin Bordo, Arnaud de Pontac, ya fara sayar da amfanin gonarsa ta Haut-Brion da sunan gonar, ba a cakuɗe da na kowa ba. Samuel Pepys ya rubuta a kundinsa na 10 ga Afrilu 1663 cewa ya ɗanɗana ta a Landan, ya ji ta daban da duk wadda ya sani. A 1666 iyalan Pontac suka buɗe gidan cin abinci a birnin domin tallata ta ga masu hannu da shuni.

A nan ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikin ganga. Fatar inabi da 'ya'yansa suna ɗauke da sinadarin tanin. Bahaushe ya san shi ko bai san sunansa ba: shi ne baurin da ke kama harshe idan an tauna goro, shi ne kuma majema ke nema a cikin bagaruwa. Sabuwar jar giya mai kauri tana da bauri ƙwarai. Katako yana barin iska kaɗan-kaɗan ta shiga, sai baurin ya yi laushi, launi ya zauna. Itacen ma yana ba da nasa: ƙamshin banila da na kanumfari, da na hayaƙi idan maƙeri ya gasa cikin gangar sosai. A Bordo gangar lita 225 ce, giya takan yi wata 18 ko fiye a ciki. Ana cike gurbin abin da ya tsotse, ana juye ta daga ganga zuwa ganga don a bar laka a ƙasa, ana tace ta da farin ƙwai. Bayan an ɗura a kwalba, tsumin yana ci gaba a hankali cikin sanyi da duhu. Masu ɗanɗano suna duba launi, wanda ke sauyawa daga ja mai duhu zuwa ruwan ƙasa, su shinshina, sannan su auna bauri da tsami da daɗewar ɗanɗano a baki. Sukan ce ƙamshin 'ya'yan itace yana ja da baya, na fata da taba da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana fitowa.

Ƙarni na 19 ya ba wannan daraja takarda. A 1855, domin baje kolin duniya na Faris a zamanin Napoleon na Uku, dillalan Bordo suka jera gonaki hawa biyar bisa farashinsu. Huɗu ne a hawan farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion, sai a 1973 aka ƙara Mouton Rothschild. A 1866 Louis Pasteur ya wallafa bincikensa, ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke ɓata giya, iska kuwa idan ta yi yawa guba ce, idan ta yi kaɗan ita ke nuna ta.

Sai annoba ta sauka. Wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka a shekarun 1860, ya cinye gonakin Faransa. Fataken Bordo suka tsallaka tsaunukan Firenis zuwa yankin Riyoha na Sifaniya neman haja, suka yada zango a garin Haro kusa da tashar jirgin ƙasa. Gidajen Murrieta da Riscal sun riga sun fara koyi da Bordo, zuwan baƙin ya ƙarfafa al'adar. Riyoha ta fi karkata ga oak na Amurka, mai ƙamshin kwakwa, kuma ta mayar da tsufa doka: hawan da ake kira reserva sai ya shekara 3, ɗaya aƙalla a ganga, gran reserva kuwa shekara 5, biyu aƙalla a ganga.

Akwai wani abin lura game da itacen kansa. A 1669 Colbert, wazirin Sarki Louis na 14, ya kafa dokar kula da dazuzzuka don Faransa ta sami katakon jiragen yaƙi. Jirage suka koma na ƙarfe, dazuzzuka irin su Tronse suka zama gadon maƙeran ganga. Bishiya takan yi shekara 150 zuwa 200 kafin a sare ta. Tsaga ta ake yi, ba a yanka da zarto, sannan a shanya katakon a fili shekara 2 ko 3. Wanda ya dasa ba ya ganin ganga, jikansa ma da wuya.

Saboda wannan tsada, a 2006 Tarayyar Turai ta halatta zuba ɓarɓashin oak a tankin ƙarfe. Ƙamshin yana samuwa cikin makonni, amma aikin iska ba ya gaggawa, kuma mafi yawan giyar duniya ba a yi ta don dogon ajiya ba. Saboda haka, ɗalibi, idan ka sake karanta wani a labari yana alfahari da kwalba mai shekara 20, ka san abin da yake nunawa: dukiyar da ta ishe shi ya jira, da ɗaki mai sanyi na ajiya, da gidan da ya gaji wannan ɗabi'a tun zamanin Pontac.