Daga Fensir Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Auna Ɗaliban Ilmin Sinadarai

Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, duk ɗalibin da ke neman karatun likitanci ko haɗa magunguna a jami'o'in Najeriya sai ya haɗu da ilmin sinadarai a zauren jarrabawa. An shafe sama da shekara talatin ana yin ta da fensir, ɗalibi ya cike gurbin amsar da ya zaɓa, daga baya na'ura ta duba. A 2013 aka fara amfani da kwamfuta ga masu so, a 2015 kuma, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, aka ajiye fensir gaba ɗaya. Sai dai kayan aiki kawai aka sauya. Tambayoyi 40 da ɗalibin sinadarai ke amsawa a yau ƙirarsu ɗaya da ta jiya: a jera masa amsoshi ya zaɓi guda.

Matsalar wannan ƙira an daɗe da saninta. A 1987 malamai biyu a Amurka, Susan Nurrenbern da Miles Pickering, sun nuna cewa ɗalibai da yawa suna warware lissafin iskar gas daidai, amma da aka nuna musu zanen yadda ƙwayoyin iskar ke warwatse cikin tulu, sai suka kasa. Haddar ƙa'ida daban, fahimta daban. Shi ya sa jarrabawar WAEC ta gwajin hannu take da daraja: ɗalibi na sakin asid ɗigo-ɗigo daga doguwar kwalba mai awo, idonsa na kan ruwan da ke ƙasa, yana jiran lokacin da ruwan ɗorawa zai fara komawa ja. Ɗigo biyu suka wuce, lissafi ya lalace.

Masu goyon bayan kwamfuta za su ce ta rage satar amsa, ta kuma sa sakamako na fitowa cikin kwanaki. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a koma zamanin fallasar takardu. Amma rage maguɗi bai sa tambaya ta fi zurfi ba. Wasu kuma za su ce na'ura ba ta iya wuce haka, alhali tarihi ya ƙaryata su. Tun shekarun 1970, a Jami'ar Illinois, Farfesa Stanley Smith ya tsara darussan sinadarai a na'urar PLATO, inda ɗalibi ke gudanar da gwaji a allo yana ganin sakamakon zaɓinsa.

Yanzu da WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2024, lokaci ya yi da masu tsara tambaya za su sa ɗalibi ya yi hasashe, ya sauya zafi ko yawan sinadari, ya bayyana dalili. Haka kuma wajibi ne a wadata makarantu da ɗakunan gwaji, domin a can ne hannu ke koyon abin da allo zai tambaya.