Daga Jaki Zuwa Bas a Ƙasar Gumel

A zamanin da, wanda ya yi niyyar zuwa Kano daga Gumel sai ya yi guzuri, ya yi bankwana da iyalinsa, gama tafiyar kimanin mil 75 ce, kwanaki ana bin jaki. Fatake kuwa ba su tashi sai ayari ya haɗu.

Jirgin ƙasa shi ya fara rage wannan wahala. Ya iso Kano cikin 1911, sa'an nan aka ja reshe zuwa Nguru, aka gama cikin 1930. Reshen nan ya ratsa ta Gagarawa, amma bai taɓa birnin Gumel ba, balle Maigatari. Saboda haka manyan motoci masu bodin katako suka shiga tsakani. Don gyaɗa aka kawo su, ba don mutane ba. Fasinja ya hau bisa buhuna, rana ta doke shi, in damina ce kuwa mota ta kafe, kowa ya sauko a tura.

Da aka buɗe ma'aikatar haɗa fijo a Kaduna cikin 1975, sai ƙananan motocin haya suka yawaita, hayis kuma ta biyo baya. Amma daga 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai haya, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka. To, cikin 1988 gwamnatin Janar Babangida ta fito da shirin taimakon jihohi da bas-bas na jigilar jama'a. A zamanin nan ne sunan Kano Line ya bazu. Gumel kuwa tana cikin Jihar Kano a lokacin, sai 1991 aka yanke Jigawa.

Bas ɗin gwamnati tana da sauƙin kuɗi, ga tikiti a hannu, ba ciniki da ɗan kamasho. Sai dai sayen mota ba shi ne wuya ba, riƙonta. Abu kaɗan ya lalace, a ajiye ta ana jiran takarda daga ofis, alhali mai hayis da kansa yake kwana a garejin makaniki, don motar ita ce gonarsa.

Shi ya sa ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, motocin 'yan kasuwa ke ɗaukar yawancin jama'a, da masu kawo shanu da raƙuma daga Nijar. Da aka rufe iyaka cikin Agusta 2019, direbobin nan sun ji jiki ƙwarai, har Disamba 2020 da aka buɗe ƙofar Maigatari.