Kalma Ɗaya da Ta Canza Lissafin Wasu

Duk manhajar da ke cikin kwamfuta ta bi ta hannun wani tafinta, wato shirin da ke mayar da rubutun masu tsara manhaja zuwa harshen na'ura. Mafi shahara cikinsu shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Tafintan yana karɓar ƙananan umarni daga mai gini, kuma ɗaya daga cikinsu, -ffast-math, ya daɗe yana jawo rigima.

Abin da yake yi wa mai gini alkawari shi ne sauri. Farashin kuwa shi ne kauce wa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda ta tsara yadda kwamfuta ke lissafin lambobi masu ɗigo. Littafin jagorar GCC bai ɓoye wannan ba, ya ce sakamako zai iya fitowa ba daidai ba. Sai dai akwai wata illa da mutane kaɗan suka lura da ita. A da, idan aka gina ɗakin karatun manhaja da wannan umarni, da zarar wani shiri ya ɗauko shi, sai ya sauya saitin injin lissafi ta yadda lambobi ƙanana ƙwarai za su koma sifili. Wannan sauyi yana shafar har sassan da ba su taɓa neman saurin ba. An kai ƙorafin ga masu kula da GCC tun 2012, ya kwashe shekaru yana jira.

A watan Satumba na 2022, Brendan Dolan-Gavitt, malami a Jami'ar New York, ya ga NumPy tana ta gargaɗinsa cewa ƙaramar lambarta ta zama sifili. Ya bi sawu har ya isa ga gevent, wata manhajar Python da ba ruwanta da lissafin kimiyya. Ashe an gina ta da -Ofast, wanda ke kunna -ffast-math a ƙarƙashinsa. Mai ginin ya ga suna mai daɗi ya zaɓa, wasu da bai san su ba suka ɗauki nauyin.

GCC 13, da ya fito a 2023, ya daina cusa wannan saiti cikin ɗakunan karatu na haɗaka. Waɗanda aka riga aka gina da tsofaffin tafintoci kuwa suna nan da halinsu har sai an sake gina su.