Ina Ka Tsaya? Waiwaye kan Karatun da Ke Bin Mai Shi

Duk wanda ya tashi a Bawdeta, ko Korgom, ko Hawandawaki, ya san yadda ake karɓar baƙon ɗalibi a zauren malam. Yaro ya iso daga wani gari da gafakarsa, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sai malam ya yi masa tambaya biyu: wajen wa ka yi karatu, kuma ina ka tsaya? In ya ce ya sauke Ahalari da Ishmawi, yana tsakiyar Risala, sai a ce ya buɗe inda ya tsaya ya karanta. Kafin ya kai ƙarshen shafi malam ya gane gaskiyarsa. In ya gamsu, daga nan za a ɗora masa. Ba a mayar da shi farko don kawai ya sake gari.

Haka manyan malaman ƙasar nan suka yi karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da abin da ya ɗauka wajen kowanne, nahawu a nan, fiƙihu a can, tafsiri wajen wani. Ijaza ita ce shaidar, sunan malamin da ya ba da ita shi ne hatimi. Abin da jami'o'in zamani suka shafe shekaru suna neman hanyarsa ke nan, wato ɗalibi ya tashi daga wata makaranta zuwa wata, ko daga wani fanni zuwa wani, ba tare da wahalarsa ta baya ta zube ba.

Da boko ya zo da Faransawa, hanyar ta zama ɗaya tal, kuma ta nufi yamma. Ɗan ƙasar Tasawa da ya fi kowa shahara a kanta shi ne Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a garin Tasawa a 1929. Daga Damagaram ya wuce Yamai, daga nan makarantar William Ponty a Senegal, sai Faris, inda a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo ta zama babban malami a kimiyyar fizik. Bai sha wahalar a yarda da takardunsa ba, domin duk makarantun da ya bi na gida ɗaya ne. Ko jami'ar Dakar da aka buɗe a 1957 ana lissafa ta cikin jami'o'in Faransa, digirinta yana aiki a Bordo kamar yadda yake aiki a Dakar. Sauƙin yana da tsada. Manhajar ba ta san gero ba, ba ta san Hausa ba, kuma shi Abdou Moumouni da kansa ya soki wannan a littafinsa kan ilimi a Afirka da ya fito a 1964.

Bayan samun ƴancin kai kowace ƙasa ta so tata jami'ar, sai tambaya ta taso: wa zai yarda da takardar wa? A Yamai, a 1968, shugabannin ƙasashe masu aiki da Faransanci suka kafa majalisar ilimi mai zurfi ta CAMES, wadda masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ya fara jagoranta, mazauninta kuma Wagadugu. A Afrilun 1972 aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar amincewa da digirorin juna. Ita Nijar ta buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama jami'ar Yamai a 1973, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Nahiyar Afirka ma ta yi tata yarjejeniyar a Arusha a 1981.

Sai dai duk waɗannan takardu suna magana ne kan digirin da aka kammala. Wanda ya yi shekara biyu ya tsaya, ko shekara ɗaya da rabi, ba shi da abin nunawa. A tsohon tsari yawanci shekara ake ci ko a faɗi. Ɗalibi ya iya darasi bakwai, biyu suka ja matsakaicin makinsa ƙasa da 10 bisa 20, sai ya maimaita shekarar, in ya sake faɗuwa a sallame shi. Matakan su ne difloma ta shekara biyu, lisans a ta uku, metiriz a ta huɗu. Wanda ciwon uba ko ƙarancin cimaka ya mayar da shi ƙauye kafin ya taka mataki, ya koma gida da bak ɗinsa na gama sakandare kawai, kamar bai taɓa shiga aji ba. Mutanen karkara su suka fi shan wannan, don ɗan ma'aikacin Yamai yana da ɗaki da tuwon dare ko kuɗin tallafin karatu ya makara.

Dabarar ƙidaya karatu gutsure-gutsure daga Amurka ta fito, inda tun ƙarshen ƙarni na 19 jami'o'i suka bar ɗalibi ya zaɓi darussa, aka riƙa auna kowane darasi da awoyin da ake zama a aji. Turai ta ɗauka a 1989 cikin shirin Erasmus na musayar ɗalibai, ta canza ma'aunin: maimakon awoyin malam, sai a ƙidaya dukan aikin ɗalibi, har da karatun da yake yi shi kaɗai, awa 25 zuwa 30 kan kiredi ɗaya. A Yunin 1999 ministocin ƙasashe 29 suka haɗu a Bolonya ta Italiya suka amince da daidaita digirorinsu. Faransa ta juya nata tsarin zuwa lisans, masta, dakta, abin da ake kira LMD.

Gaskiya ita ce ba mu muka nemi sauyin da farko ba. Da Faransa ta sauya, mai metiriz daga Yamai ko Kwatano ya rasa gurbin da zai shiga a can. Jami'o'in Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiyar REESAO a Lome a 2005, CAMES ta amince da sabon tsarin a 2006, ƙungiyar UEMOA ta fitar da umarni ga ƙasashenta takwas a Yulin 2007, Nijar kuma ta mayar da shi doka a 2010. Zango ɗaya kiredi 30, lisans 180 cikin shekara uku, masta ƙarin 120. Abu biyu ne zuciyar tsarin. Na farko, darasin da ka ci ya zama naka har abada, ba a sake maka shi. Na biyu, kana iya ɗaukarsa zuwa wani fanni ko wata jami'a. Ko da aron rigar aka yi, ni ina ganin ta fi tsohuwar dacewa da jikin talaka.

A wannan shekara ta 2010 aka mayar da cibiyoyin fasaha na Maraɗi, Damagaram da Tawa jami'o'i, a 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. A nan maganar ta sauko ƙofar gida. Tasawa tana kan babbar hanya, kusan tsakiya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da likitanci. Mai son adabi ko tarihin ƙasa ya nufi Damagaram. Mai son shari'a da tattalin arziki ya nufi Tawa ko Yamai. Yaron Bawdeta ko Mayahi da ya ci bak yana ɗan shekara 19 ko 20, sau da yawa shi ne na farko a gidansu, babu wanda zai ba shi shawarar fanni. Ya kan zaɓi garin da yake da kawu ko gwaggo da za ta ba shi masauki. In bayan shekara ya gane fannin bai karɓe shi ba, ko kawun ya tashi, a nan ake ganin ko kiredi gaskiya ne ko rubutu ne kawai.

Na san wani yaro daga yankinmu da ya yi zango uku lafiya lau, mahaifinsa ya kwanta ciwo ana gab da shuka. Ya dawo ya riƙe gandu damina biyu. Da a zamanin iyayenmu ne da shi ke nan. Shi kuwa ya koma da takardun sakamakonsa, kiredi 90 a rubuce, yana neman a ɗora masa a garin da yayarsa take aure. Dokar tana tare da shi. Abin da ya kusa karya shi shi ne jira: takardar zango na uku ba ta fito da hatimi ba sai bayan an rufe rajista, kuma darussa biyu sunansu bai zo ɗaya da na sabon wurin ba, kwamiti ya ce ya sake su. Ya yi asarar shekara, amma bai yi asarar duka ba.

Waɗannan su ne ramukan hanyar, kuma duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san su. Yajin aikin malamai da na ɗalibai, ƙarancin azuzuwa da cunkoso sun sa shekarun karatu suna hawa kan juna, wata tsangaya tana gama zango na biyu wata tana fara na ɗaya. Kiredi kamar kuɗi yake, sai kasuwanni suna ci a ranakun da aka sani yake amfani. Ga kuma zancen ajiya. In sakamako yana cikin kundin takarda a ofis ɗaya, ko cikin kwamfutar mutum ɗaya, ɗalibin da ke Bawdeta sai ya sayar da tiya da yawa na gero ya yi kuɗin mota, ya je, a ce ya dawo jibi. Ga gadojin da ya kamata su haɗa difloma ta shekara biyu ta makarantun sana'a da shekara ta uku ta lisans, waɗanda a wani fanni a buɗe suke, a wani sai da kai-komo. Malam a zaure yana da hanyar gwada baƙo cikin rabin awa. Jami'a ta maye gurbin wannan da takarda, don haka dole takardar ta fito a kan lokaci, ta kuma faɗi abin da aka koyar dalla-dalla.

Abin da ya fi damuna shi ne kudu. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba. Mutanen Korgom da Hawandawaki kasuwannin ƙasar Katsina da Daura suke ci, aure da zumunci ba su san iyaka ba. Amma tsarin kiredin Maraɗi ya fi fahimtar na Faris fiye da na Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ko ta Bayero. Najeriya ta ɗauko nata daga Amurka, jami'ar Nsukka ta fara da shi a 1960, hukumar jami'o'i ta NUC ta yaɗa shi ko'ina a ƙarshen shekarun 1980. Can digiri shekara huɗu ne da aƙalla yunit 120, ana auna awoyin aji, maki bisa ɗari. Nan shekara uku ne da kiredi 180, maki bisa 20. Mai duba takarda a Kano ya ga shekara uku sai ya ɗauka karatun ya gaza. Alhali in aka ƙirga daga aji ɗaya, ɗan Nijar ya yi shekara 13 kafin bak ya ƙara 3, ɗan Najeriya ya yi 12 ya ƙara 4. Dukansu 16 ne.

Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yi yarjejeniyar amincewa da takardun juna a 2003, an sabunta ta Arusha a Adis Ababa a 2014, ta fara aiki a 2019. Ɗalibai ba su jira su ba. Ƴan Najeriya sun riƙa cika jami'o'i masu zaman kansu a Maraɗi, irin su Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013 mai koyarwa da Ingilishi, ƴan Nijar kuma sun daɗe suna zuwa Zariya, Sakkwato da Kano. Kowa da kansa yake biyan fassarar takardu, ya bi ma'aikata a Yamai ko Abuja neman a daidaita masa su. Sai ga ɓarnar masu sayar da digiri. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida, a Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Ƙurar ta shafi har waɗanda suka zauna aji da gaske a kowace ƙasa ta maƙwabta. Ga rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025.

Duk da haka ban ga dalilin jiran manyan taruka ba. Tsangayar noma ta Maraɗi da takwarorinta na Katsina da Kano gero ɗaya suke nazari, wake ɗaya, fari ɗaya, ƙasa mai rairayi ɗaya. Malamansu suna iya zama su jera darussa gefe da gefe, su rubuta cewa wannan daidai yake da wancan, kiredi kaza yunit kaza ne, 12 bisa 20 kaza ne bisa ɗari. Yawancinsu ma da Hausa za su yi zaman, harshen da Nijar ta ayyana a matsayin harshen ƙasa a 2025. Ana can ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ranar da jirgin ya fara tashi, cikin fasinjojinsa akwai yaran Tasawa da Mayahi riƙe da takardun zango biyu ko uku, za su sauka Kano su nemi ofishin da zai tambaye su inda suka tsaya.