Uwar Zumunta

Uwar zumunta (suna, mace, jam'i: iyayen zumunta): macen da ke shugabantar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya a majami'un da ake sujada da Hausa, a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Mata ne ke zaɓen ta daga cikinsu, kuma galibi sukan dubi wadda ta manyanta, ta riƙe gidanta da kyau, aka san ta da haƙuri da riƙon asiri, domin ita ake kai wa ƙorafin aure da rikicin surukai tun kafin maganar ta kai gaban fasto.

A jihar Tawa ta Nijar, inda Kirista ƴan kaɗan ne a tsakanin Musulmi, ana samun irin wannan shugabanci a garuruwa kamar Galmi, kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, inda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950. Aikin uwar zumunta ya haɗa da jagorantar addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, da tsara gudummawar biki da suna, da ziyarar majinyata da matan da mazajensu suka rasu, kuma barkarta da ta'aziyyarta sukan kai har gidajen maƙwabta Musulmi.

Idan ta rasu, matan zumunta sukan fito da anko, wato tufafi iri ɗaya, su raka gawarta da waƙoƙi, sannan a karanta tarihin rayuwarta a gaban jama'a, a ambaci ƴaƴanta da jikokinta da waɗanda ta riƙa ba ita ta haife su ba.